Muhawara: PAX6 ce kaɗai ke gina retina, ko aikin gayya ne?

Malamin Bayoloji, Argungu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga likitoci ce da malaman jami'a. Littattafai da yawa suna kiran ƙwayar gadon nan PAX6 uwar tafiyar ido, wai ita ke ba da umarni a gina shi tun daga tushe. To ga inda kaina ya ɗaure. Yaron da aka haifa da lahani a PAX6 yana da ƙwayar ido, yana da retina, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, yana ma ɗan gani. Abin da ya rasa shi ne baƙin idon da ke kewaye da ƙofar haske. In da gaske ita ce mai umarni, mi ya hana idon ɓacewa ɗungurungum? Retinar kuma wa ya gina ta?

Malamin Jami'a, Kalgo:
Wa alaikumus salam, Malam. Rabin amsarka lissafi ne. Galibin ƙwayoyin gado kwafi biyu muke ɗauke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yaron da kake magana a kai kwafi ɗaya ne ya lalace, ɗayan yana aiki, don haka rabin furotin ɗin da ake bukata yake samu. Rabin ya isa a kafa ido, bai isa a ƙarasa shi ba. Wannan shi ne aniridiya, PAX6 kuwa tana kan kuromosom na 11. A ɓera, in kwafi ɗaya ya lalace sai a haife shi da ƙananan idanu. In biyun suka lalace babu ido, hancin ma bai kammalu ba, kuma ba ya rayuwa bayan haihuwa.

Sarautar da ake ba ta daga 1995 ta samo asali. Walter Gehring da mutanensa a Basel ta ƙasar Suwizalan suka kunna takwarar PAX6 a ƙafa da fiffike da ƙahon ƙudan 'ya'yan itace, sai ido ya tsiro a waɗannan wurare. Suka ɗauko ta ɓera suka sa wa ƙudan, ido ya sake tsirowa. Amma ka lura, idon ƙuda ne ya fito, ba na ɓera ba. Makunni kawai aka ara, magina na ƙudan ne.

Ɗayan rabin amsar shi ne ya fi daɗin ji. Ɓeran da ba shi da PAX6 ko kaɗan, jakar idonsa tana fara ɓullowa daga ƙwaƙwalwa kafin aikin ya tsaya. Wanda ya rasa RAX, jakar ma ba ta fitowa. Wanda ya rasa LHX2, jakar tana fitowa amma ba ta loɓawa ta zama ƙoƙo. Ƙwayoyin gado uku, kowace an cire ta aikin ya cije a wuri dabam. Tun kafin a ga alamar ido, akwai wani fili guda a goshin farantin da zai zama ƙwaƙwalwa, inda RAX, PAX6, SIX3, SIX6 da LHX2 suke a kunne tare, kowace tana ƙarfafa 'yan'uwanta. OTX2 ce ke share filin tun farko. A 2003 an haɗa irin waɗannan a matsayin ƙunshi guda aka sa wa tayin kwaɗo, ido ya fito a inda ba mazauninsa ba.

Ɗalibar Anatomi, Aliero:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ina roƙon a ɗora mana wannan a kan kwanaki. Jaka, ƙoƙo, fili, duk muna haddace su, amma in aka tambaye mu yaushe kowanne ke faruwa a ɗan adam sai lissafi ya rikice, musamman da yake littafin tayi da katin awon ciki ba sa ƙirga iri ɗaya.

Likitan Ido, Birnin Kebbi:
Kin taɓo inda ake yawan tuntuɓe, ƙanwata. Littafin tayi daga ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi yake ƙirga, katin awo kuma daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato ya ɗara da mako biyu. Abin da zan faɗa da ƙirgen littafin tayi ne.

Wajen kwana 22 wasu 'yan kwaruruka biyu ke bayyana a gefen ƙwaƙwalwar gaba. A wannan ranar al'adar mace ta makara ne da kamar kwana takwas kacal, da yawa ba su ma san da cikin ba. Cikin mako na 4 kwarurukan suka kumburo waje suka zama jaka biyu, kowace ta miƙa har ta taɓa fatar saman kai. Fatar da aka taɓa sai ta yi kauri, ita ce za ta zama lens, wato madubin cikin ido mai tattara haske. A mako na 5 jakar ta loɓa ciki. Ki ɗauki ƙwallon roba da iska ta fice masa, ki danna gefe guda da babban yatsa har ya taɓa ɗaya gefen: kin samu ƙoƙo mai bango biyu. Bangon ciki shi ne retina mai gani, yana ta yin kauri. Bangon waje ya tsaya siriri, layin sel ɗaya tak, ya cika da baƙin launi, shi ake kira RPE. Bangayen nan biyu jingina suke yi da juna, ba su taɓa zama abu ɗaya ba har tsufa, shi ya sa in retina ta ɓantale a babba daidai wannan tsohon ramin take rabuwa.

Loɓawar ba ta tsaya a gaba kaɗai ba, ta bi ta ƙarƙashin ƙoƙon har zuwa wuyansa ta bar tsaga, ta nan jijiyar jini ke shiga. Bakunan tsagar suna fara haɗewa daga tsakiya, ɗinkin ya yi gaba ya yi baya, zuwa ƙarshen mako na 7 ta rufe. A riƙe maganar tsagar nan, za mu dawo mata.

Likitan Dabbobi, Jega:
Malam na Kalgo ya ce fili guda, ido kuwa biyu ne. A nan fagenmu ya shigo. A shekarun 1950 makiyayan tumaki a jihar Idaho ta Amurka suka riƙa samun 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. An daɗe ana bincike kafin a gano wani tsiro ne na kan duwatsu, Veratrum californicum. Abin mamakin shi ne lokacin: sai tunkiya ta ci shi wajen kwana 14 da ɗaukar ciki, alhali cikin tunkiya wata biyar ne. Ta ci shi bayan wannan ɗan tsakanin, ido biyu za a samu, ko da wata illar ta biyo baya. Gubar da aka tace daga tsiron aka sa mata suna saikulofamin. Ƙwayoyin gadon ɗan ragon lafiyarsu ƙalau, saƙo ne aka tare a hanya. Malam zai fi ni bayanin wane saƙo.

Malamin Jami'a, Kalgo:
Saƙon SHH ne, Likita. Akwai wani ɗan nama a ƙarƙashin tsakiyar filin idon da ke fitar da furotin ɗin SHH. Inda ya yi yawa, wato tsakiya, sai ya danne shirin yin retina, filin ya tsage gida biyu, dama da hagu. Gubar tsiron nan tana manne wa wani furotin mai suna Smoothened, wanda shi ke shigar da saƙon cikin sel. Saƙo yana bakin ƙofa, mai buɗe ƙofa an ɗaure shi. A 1996 aka kashe SHH a ɓera, aka samu irin wannan siffa ta ido ɗaya.

Bayan tsagewar, SHH bai gama aiki ba. Kusa da tsakiya yana kunna PAX2 da VAX1, wannan yankin ya zama wuyan ƙoƙo, inda jijiyar gani za ta bi. Nesa da tsakiya, inda saƙon ya yi rauni, PAX6 ke riƙe da gari, nan ne retina. Su biyun, PAX2 da PAX6, kowace tana kashe 'yar'uwarta. Kamar maƙwabtan gona ne da ba a dasa musu gamba a tsakani ba, kowa yana tura kunyarsa, inda ƙarfi ya zo ɗaya nan iyaka ta tsaya. A ɓeran da aka cire wa PAX2, sai naman retina da baƙin RPE su kwararo cikin wuyan ƙoƙo. A mutum, lahani a kwafi ɗaya na PAX2 yana kawo rami a bakin jijiyar gani tare da ƙananan ƙoda, domin ƙodar ma da PAX2 ake gina ta.

Likitar Yara, Zuru:
Ina so a yi hattara da labarin tumakin nan kafin ya fita zaure ya zama wai wata ciyawa ce ke sa a haifi jariri mai ido ɗaya. Tsiron na yammacin Amurka ne. A jariran mutane, rashin rabuwar ƙwaƙwalwar gaba an fi danganta shi da matsalar kuromosom, musamman kwafi uku na kuromosom na 13, sai lahani a SHH ko SIX3 da makamantansu, sai kuma ciwon suga na uwa da ba a daidaita ba a makonnin farko. Na ƙarshen nan shi ne wanda hannunmu ke iya kaiwa gare shi, kuma kafin ɗaukar ciki ake daidaita sugan. In aka jira ranar fara awo a wata na huɗu, ginin ya riga ya wuce wurin.

Likitan Dabbobi, Jega:
Gaskiyarki, Hajiya. Misalin na kawo don a ga yadda rana guda ke da nauyi, ba don a tuhumi ciyawar fadamarmu ba.

Malamin Bayoloji, Argungu:
Na fahimci rabuwar dama da hagu. Saura bango biyun ƙoƙon nan. Jaka guda ce, sel iri guda, ƙwayoyin gado iri guda a cikin kowanne. Wa ya gaya wa wanga ya zama mai gani, wancan ya zama baƙin shimfiɗa?

Malamin Jami'a, Kalgo:
Maƙwabta ne suka gaya musu, Malam. A ɓera, da farko duk jakar tana kunna MITF, wadda ita ce shugabar shirin baƙin launi. Da za a bar ta haka, jakar ta karkata ga zama RPE. To gaban jakar yana jingine da fatar da za ta zama lens, daga nan saƙon FGF ke zuwa. Sel ɗin da suka karɓe shi sai su kunna VSX2, ita kuma aikinta na farko ta kashe MITF a wannan yanki. Bayan jakar kuwa wani sassauƙan nama ne ke lulluɓe da shi, yana aiko da nasa saƙon na dangin TGF-beta, ga kuma saƙon WNT a cikin bangon kansa, su ke riƙe MITF da OTX2 a kunne. Gaba VSX2, baya MITF, iyaka ta sake fitowa ta hanyar danniya.

An tabbatar da wannan da hannu a ƙwan kaza. Ana sa ƙwai a injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 38 na kamar kwana biyu, a yanka 'yar taga a ɓawon, a jiƙa wani ɗan ƙwallo da bai kai ƙwayar gero ba a ruwan FGF, a ajiye shi a bayan jakar idon, a rufe tagar da salatif a mayar. Bayan 'yan kwanaki, wurin da ya kamata ya yi baƙi sai a tarar ya zama retina ta biyu, tana fuskantar ta farko a juye. Haka ɓeran da MITF ɗinsa ta lalace, wani sashe na RPE ɗinsa yakan rikiɗe ya zama retina. Wanda VSX2 ɗinsa ta lalace kuma, MITF ta ƙi mutuwa a gaba, sel ɗin retina ba sa hayayyafa yadda ya kamata, ido ya fito ɗan mitsitsi babu jijiyar gani.

A lura, retina biyu ba riba ba ce. In babu RPE, babu mai sabunta sinadarin bitamin A da sel masu karɓar haske ke aiki da shi, babu mai kwashe tsofaffin ɓangarorin da suke zubarwa kullum. Retinar da ba ta da baƙin shimfiɗa a bayanta lalacewa take yi.

Sama da ƙasa ma haka ake raba su, BMP4 da TBX5 a sama, VAX2 a ƙasa, gefen hanci FOXG1, gefen kunne FOXD1. Daga nan kowane sel ke samun adireshin da zai kai wayarsa a ƙwaƙwalwa. Wannan muhawara ce mai zaman kanta.

Ɗalibar Anatomi, Aliero:
Malam, a yi mini afuwa, akwai abin da bai zauna mini ba. A 2011 ɗakin binciken Yoshiki Sasai a Kobe ta Japan sun rena sel ɗin asali na ɓera a faranti, suka dunƙule suka fitar da jaka, jakar ta loɓa da kanta ta zama ƙoƙo mai retina a ciki da RPE a waje. A 2012 suka maimaita da na mutum. Babu fatar kai a farantin, babu lens. In FGF daga fata yake zuwa, wa ya aiko shi a nan?

Malamin Jami'a, Kalgo:
Madalla da wannan tambaya, 'yata, ta fi wasu amsoshin. Abin da gwajin ya nuna shi ne jakar ba kurma ba ce mai jiran umarni daga waje. Ita kanta tana fitar da FGF da WNT nata, kuma da zarar ɗan bambanci ya shiga tsakanin gefe da gefe, danniyar VSX2 a kan MITF tana faɗaɗa shi har ya zama iyaka. Aikin maƙwabta a cikin tayi shi ne su sa iyakar ta faɗo daidai inda ake so, retina ta fuskanci lens, kowane lokaci, a ido biyun. A faranti wani dunƙulen ya yi ƙoƙo mai kyau, wani ya karkace, wani bai yi komai ba. Kuma farantin ba fanko ba ne, sai da aka zuba masa furotin ɗin shimfiɗa irin su laminin kafin bangon ya tsaya da kyau.

Likitan Ido, Birnin Kebbi:
Malam, ka yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin kun taru kun tuɓe wa PAX6 rawani da sauri. Ni ina nan a ɓangarenta. RAX ta fi ta sammako, na yarda. Amma a nuna mini wata da ake nema a kowane zango kamar ita. Fatar kai ba ta zama lens sai da PAX6, tare da SOX2 suke kunna furotin ɗin lens. Bakin ƙoƙo ba ya zama baƙin ido sai da ita. Fatar gaban ido mai garai-garai tana bukatarta har tsufa, shi ya sa masu aniridiya gaban idonsu ke dusashewa da shekaru. A 2001 an bari ƙoƙon ɓera ya kafu sannan aka cire PAX6 daga sel ɗin retina kaɗai: maimakon iri bakwai na sel ɗin retina, iri ɗaya suka iya haifarwa, wanda ake kira amakirin.

Kuma Malam na Argungu ya ce yaron baƙin ido kawai ya rasa. A asibiti ba haka abin yake ba. Mafi yawansu ɗan ramin tsakiyar retina, fobiya, inda gani ya fi kaifi, bai ginu ba. Shi ya sa idon ke rawa tun watannin farko, ganin kuma ba ya kai na kowa ko da tabarau. Daga baya ga yanar ido, ga hawan jinin ido. Sunan cutar ne ya tsaya a kan baƙin ido, ɓarnar ta kai har retina.

Malamin Jami'a, Kalgo:
Ban ƙi ba, Likita, a bar mata rawaninta, amma sarkin da sai da majalisa yake yanke hukunci. Hujjarka ta SOX2 ma ta nuna haka: a lens hannu ɗaya suke, a cikin ƙoƙo kuwa awo ake tsakaninsu, inda SOX2 ta rinjaya retina mai jijiya, inda PAX6 ta rinjaya bakin ƙoƙo. Kuma yawanta ma illa ne, ɓerayen da aka ƙara wa kwafin PAX6 ƙananan idanu suka samu.

Tun da ka ambaci iri bakwai, bari in ƙarasa wa Malam tambayarsa ta wa ya gina retina. Iri shida na sel ɗin jijiya ne da iri ɗaya na masu tallafi, Mula. A 1987 Connie Cepko da abokin aikinta suka yi wa sel uwa ɗaya alama a retinar ɓera, suka tarar 'ya'yanta iri dabam-dabam ne. Uwa ɗaya ce, lokaci ke sauya abin da take haifa. Gangiliyon, masu kai saƙo ƙwaƙwalwa, su ne 'yan fari, sai horizantal da masu siffar mazurari da amakirin, sannan masu siffar sanda, baifola da Mula su ne 'yan auta, kodayake zangunan suna shiga juna. Saƙon Notch shi ke hana kowa fita lokaci guda: sel ɗin da ya fara balaga yana danne maƙwabtansa su ci gaba da rabuwa. In Notch ya mutu da wuri, 'yan fari su yi yawa, iyaye su ƙare, retina ta fito siririya.

Kowane iri da makunninsa. Babu ATOH7, sama da kashi 80 cikin 100 na gangiliyon ba sa samuwa, jijiyar gani ba ta kafuwa. OTX2 ta kunna CRX, a nufi karɓar haske. Daga nan NRL ke raba hanya: da ita sanda, babu ita sai waɗanda ya kamata su zama sanduna su koma kamar mazurarai masu ganin shuɗi. A idon mutum an ƙiyasta sanduna wajen miliyan 92, mazurarai miliyan 4.6, duk bayaninsu ya tattaru ya fita ta wayoyin gangiliyon sama da miliyan ɗaya.

Malamin Bayoloji, Argungu:
Na gode ƙwarai. Dai na lura Malam ya yi ta kaucewa kada ya ce 'yan sanda. A aji sanduna da mazurarai zan riƙa cewa, kada yara su ce an kai 'yan sanda miliyan 92 cikin ido.

Ungozoma, Yauri:
Likitoci, ku sauko mana ƙasa kaɗan. Abu biyu ake tambaya a ɗakin awo. Na ɗaya, in aka haifi jariri babu ƙwayar ido ko da ɗan ƙaramin ido, iyayen kuma auren zumunci ne, dangi sukan ce zumuncin ne ya jawo, a fara maganar raba aure. Na biyu, an ambaci bitamin A. Tun da yana gina ido, a riƙa ba masu ciki jan kafson nan da ake ɗiga wa yara?

Likitar Yara, Zuru:
Na biyun zan fara amsawa don shi ne mai haɗari. A'a, Hajiya, kada a ba mai ciki jan kafso. Awo 200,000 ne a cikinsa, na yara 'yan wata 12 zuwa 59, shuɗin kuma 100,000 na 'yan wata 6 zuwa 11. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mai ciki, a inda ƙarancin ya yi tsanani, 10,000 ne a rana ko 25,000 a mako. Jiki yana mai da bitamin A wani sinadari da ke shiga sel ya kunna ƙwayoyin gado kai tsaye, musamman na ƙasan ƙoƙo da naman da ke kewaye da shi. Ya yi kaɗan, gini ya tsaya: a 1933 a Texas an hana aladiya bitamin A ta haifi 'ya'ya babu ƙwayar ido. Ya yi yawa, gini ya karkace, shi ya sa maganin ƙurajen fuska isotiretinoyin haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki. Manja, zogale, alayyafo, karas da mangwaro ba su da wannan haɗarin, domin jiki abin da yake bukata kaɗai yake juyawa daga cikinsu. Hanta ce ake cewa a rage.

Na farkon kuma, ba a yanke hukunci da ido. Ƙwayar gado guda da ta fi kowace yawan jawo rashin ido biyu ita ce SOX2, tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma galibi sabon lahani ne da ya faru a ƙwai ko maniyyin da ya zama wannan yaron, iyayen ba sa ɗauke da shi a jininsu. Wannan ba ruwansa da zumunci. Akwai kuma waɗanda sai kwafi biyun sun lalace, irin su VSX2, RAX, ALDH1A3 da STRA6, su ne zumunci ke ƙara wa dama, domin 'ya'yan wa da ƙane suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. In uwa da uba duk suna ɗauke da kwafi ɗaya, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, irin lissafin AS da AS a sikila, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai. Sannan akwai abin da ba gado ba ne sam, kamar rubela a watannin farko, wadda ke kawo yanar ido da ƙaramin ido da kurumta da ciwon zuciya. A tambayi uwa ko ta yi zazzaɓi da ƙuraje a farkon ciki, a duba kunne da zuciyar jaririn.

Likitan Ido, Birnin Kebbi:
In ƙara wa Hajiya abin da za ta iya gani da idonta a ɗakin haihuwa. Tsagar da na ce a riƙe: in ba ta rufe ba, shi ne kolobooma. Ƙofar haske ta zama kamar ramin makulli, wutsiyar tana kallon ƙasa ta ɗan karkata gefen hanci, daidai inda tsagar take. Ƙanƙantar abin da aka gani a gaba ba ta nuna girman na baya, ana iya samun ɗan tsagi a baƙin ido alhali retina da bakin jijiyar gani sun yi babban giɓi. A tura a duba bayan idon. In ya zo da toshewar bayan hanci, nakasar kunne ko ciwon zuciya, a tuna da lahani a ƙwayar gadon CHD7.

Jaririn da ba shi da baƙin ido, iyayensa kuma nasu lafiya, wannan ƙodarsa ake fara tunani. A kuromosom na 11, PAX6 maƙwabciyar WT1 ce, wata ƙwayar gado mai aiki a ƙoda. In guntun da ya ɓalle ya kwashe su biyun, kusan rabin irin waɗannan yara suna samun kansar ƙoda ta Wilms. In ba a samu gwajin ƙwayoyin gado da zai wanke yaron ba, hoton ƙodarsa ake yi duk wata uku har ya kai shekara takwas.

Sai gwajin jan haske, wanda bai cin minti ɗaya. A rage hasken ɗaki. A sa madubin duba ido a kan sifili, a tsaya nisan kamu ɗaya daga fuskar jariri, a haska ido biyun tare, sannan ɗaya bayan ɗaya. Haske ya dawo daga retina iri ɗaya a duka biyun, shi ake so. Fari, baƙin tabo, ko ɗaya ya fi ɗaya haske, a tura cikin gaggawa. Farin yana iya zama yanar ido, yana iya zama retinobilastoma, kansar da ke tasowa in kwafi biyun ƙwayar gadon RB1 ta kuromosom na 13 suka lalace a sel ɗin retina mai girma, kamar yadda Alfred Knudson ya lissafo a 1971. Tana samun kamar jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000. Iyaye sukan ce idon yana ƙyalli da dare kamar na kyanwa, ko su ga fari a hoton waya. Kada a ba da maganin ɗigawa a ce a dawo bayan wata.

Ungozoma, Yauri:
Likita, matsalar ita ce a jariranmu hasken ba ya fitowa ja kamar na hoton littafi. Wani sa'in ruwan ɗorawa ne, wani sa'in har kamar toka-toka. Ta yaya za a bambanta shi da farin da ake tsoro?

Likitan Ido, Birnin Kebbi:
Haka ne, Hajiya, baƙin launin naman da ke bayan RPE ya fi yawa a idonmu, shi ke shanye jan. Ki fara haska idon uwar a ɗakin, da madubin, a nisan, ki ga launin gidansu, sannan ki koma kan jaririn. Ki gwada damansa da hagunsa, kuma ki ɗan matsa gefe da gefe, don ƙari da ke can gefen retina ba ya nunawa in an tsaya tsakiya kawai. In fatar idon ta kumbura ranar haihuwa bai buɗe ba, a ɗaga shi tsaye a ɗan jijjiga shi a hankali, yakan buɗe da kansa. In har yanzu kina shakka, ki rubuta takardar turawa ranar, ki sa wane ido ne da abin da kika gani.